Ɗan Gatarin da Na Aiko

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin auta? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni lafiya lau nake, kada ki damu. Baƙin da ke kafa tanti a dajin nan sun watse, saura ni kaɗai ina gadin sansanin. Da damina ta kankama rafi zai datse hanya, mota ba za ta ƙara shigowa ba sai kaka.

Kin san ɗan gatarina na faskare, wanda na sassaƙa wa ƙota da hannuna. Kullum nakan jiƙa kansa a ruwa don ƙotar ta kumbura ta riƙe. Kwanan baya na manta, abin da ban taɓa yi ba. Ina sara kan ya fice ya same ni a ƙwauri. Ciwon ba wani babba ba ne. Ya ɗan yi baƙi, har ma ya daina zafi. Direban da ke kawo mini abinci ya duba, ya ce in bi shi gari. Na ce wa zan bar wa sansanin?

Ga gatarin nan na ba direban ya kawo. Ki ba maigidanki, dama ya daɗe yana sa masa ido. Ki ce ya riƙa jiƙa shi.

Kada ki tambayi da me zan yi faskare. Icen da na tara zai ishe ni.

Allah ya yi miki albarka. Ki yafe mini.

Mahaifinki