Sakin Layin Ƙarshe

Litinin, 3 ga Maris
Wata biyar ke nan Inna tana shan ƙwayar da likita ya rubuta mata saboda ciwon naman kafaɗu da cinyoyi. Ciwon ya lafa, amma fuskarta ta kumbura, sukarinta ya hau. Yau ta dubi madubi ta ce ita ba ta san wannan matar ba.

Alhamis, 6 ga Maris
A ofishin jaridarmu, bayan na gama tace labaran gobe, na ci karo da rahoton wani bincike: wai wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna rage kumburi. Na karanta kanun da sakin layi biyu na farko. Shekara ashirin ina yanke labari daga ƙasa, abu mai muhimmanci a sama yake. Na biya kemis na sayo irin maganin. Na kwashe ƙwayar likita daga gwangwaninta, na zuba sabuwar. Ban gaya wa Yaya ba, surutu za ta yi.

Laraba, 12 ga Maris
Inna ta kasa ɗaura ɗankwali.

Asabar, 15 ga Maris
Sai an ɗaga ta take tashi daga gado. Ga jiri, ga amai. Yaya ta zazzage gwangwanin a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo. "Auta, uwar tamu ce ta zama jarida?" Inna ta ce a ƙyale ni, alheri na nufa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris
Likita bai yi faɗa ba. Ya ce ba a yanke wancan maganin lokaci ɗaya, a hankali ake ragewa. Ya tambaye ta ciwon kai da ganinta. Ashe tun Juma'a idonta na hagu yake dishi-dishi, ta yi shiru don kada a ga laifina. An ba ta gado. Ya ce na hagun ya riga ya tafi, za su yi ƙoƙari a kan na daman.

A barandar asibiti na karanta rahoton har ƙarshe. Ciwon gaɓoɓi suka gwada, ba irin nata ba, kuma ba wanda aka dakatar wa maganinsa. Yana nan a sakin layin ƙarshe.

Lahadi, 23 ga Maris
An sallame mu. Gwangwanin yana jakar Yaya, ban tambaya ba. Ni na ɗaura wa Inna ɗankwali, ya karkace. Ta ce ko ita mai ido ɗaya ta fi ni, ta yi dariya. Sai da ta juya kai gaba ɗaya kafin ta gan ni.

An turo mini labarin gobe. Daga ƙasa na fara karantawa. Ba don komai ba.