Tukunyar Nalu Ta Ƙi Tashi

Zuwa ga yayata Koshe, a Kosti.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki da yara. Ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauƙaƙa miki ciwon ƙafar nan da kike ɓoye mana, alhali duk wanda ya dawo daga wajenku sai ya faɗa. Mu nan bakin dutse muna raye. 'Yata Toto ta warke daga tarin, ta yi wawulo, kullum tana tura harshe a gurbin. Ta daina tambayata yaushe mamarta za ta dawo, kuma wallahi shirun ya fi tambayar ci mini rai.

Yaya, da muka binne matata Nalu kin ce in ba ki yarinyar nan ki riƙe. Na ɗaga murya a gaban mutane na ce muddin ina da gona 'yata ba za ta ci tuwon wani gida ba. To, maganar gonar ce ta sa na zauna rubutu. Dawa ta yi kyau bana, ta nuna gaba ɗaya, tsuntsayen jan-baki kuma sun sauko mata kamar an aika musu. Ni kaɗai ba zan iya yanke ta ba, sai da gayya, kuma kin san mutanenmu: ba wanda zai sunkuya a gonar wani tun safe in babu randar marisa, giyarmu ta dawa, a gindin bishiya. Na zaga gidaje ina neman macen da za ta dafa mini. Kowacce tukwanenta na kan wuta saboda gayyar mijinta. Ban ga laifinsu ba, tsuntsun da ke cin tawa shi ke cin tasu.

Shi ne na yi abin da ba namijin da ya taɓa yi a zuriyarmu, na tsuguna gaban murhun mata. Nalu ta bar ɗan tsiron dawa a buhu, da hamirarta a ƙaramar tukunya, wadda take ɗiba daga gindin tsohuwar giya ta tayar da sabuwa. Na sha ganin tana dama ɗan kunun tsiro ta dafa, ta zuba hamirar a ciki ta farka, kafin a juye a babbar randa. Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Shekara da shekaru ina sha ina yabon hannunta, ashe ban taɓa kallon hannun ba.

Na farko na cika tukunya har wuya, na hura mata wuta irin ta gasa nama. Juyawar da na yi in kori akuya, sai na ji cuuu, ta yi bori, ta kashe wutar, rabin kunun yana cikin toka. Na biyu na rufe ta da murfi wai kada ta tsere, ta ɗaga murfin ta ƙone mini yatsu. Maƙwabcinmu Komi ya leƙo ta kan danga, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai in bari ya aro mini zane wurin matarsa, wai amarya Tiya, yaushe za a kai ki ɗaki? Na ce masa in ya ƙara kalma ɗaya da muciyar nan zan raka shi gida. Amma da ya ga abin da ya rage a buhun, dariyar ta tsaya masa.

Shi ya je ya goyo tsohuwa Kaci, wadda ƙafafunta suka mutu tun bara, ya ajiye ta a inuwa. Bakinta dai bai mutu ba. Ta ce da ni sakarai, ɗan sakarai, tukunya ba rumbu ba ce da za a cika ta. Ta ce kunun tsiro zaƙi gare shi, mai zaƙi kuwa ba ya jin kunyar tashi. Rabi ake zubawa, ba a rufewa, a ajiye ƙwaryar ruwan sanyi kusa da hannu. Da ƙananan kumfa sun fara taruwa a gefe, a janye itace tun ba su haɗu a tsakiya ba, a yayyafa ruwa, a yi ta juyawa. Ta ce ko gidan ne ya kama da wuta kada in ɗauke ido. Daga nan barci ya kwashe ta.

Yaya, na yi yadda ta ce da sauran tsiron duka. Kumfa ta taso na janye itace, ta sake tasowa na yayyafa ruwa, ta kwanta. Ko ɗigo bai zuba ba. Rabona da jin daɗi irin wannan tun Nalu na da rai. Don murna da ɗoki na sauke tukunyar, na ɗauko hamirar na juye gaba ɗaya, kunun yana tururi. Da Kaci ta farka na gaya mata ina washe baki. Ba ta zage ni ba, kuma nan na tsorata. Ta ce kawai, ɗana, ka dafa hamirar, ta mutu. Ashe sai kunu ya huce har a iya sa yatsa, ita ma ta ɗauka ko yaro ya san wannan.

Na ƙi yarda. Na lulluɓe tukunyar da bargo, na kai ta rana, na kara kunne a jikinta. Ni da na yi ta faɗa da ita kada ta tashi, sai ga ni ina roƙonta ta yi ko kumfa ɗaya. Kafin matar Komi ta samo mini wata hamirar a ƙauyen gaba, kunun ya yi wari. Tsiro ya ƙare, in an jiƙa sabuwar dawa kuwa kafin ta tsira tsuntsu ya gama. Ranar gayya na kai farau-farau da ɗan gyaɗa. Mutane suka zo suka leƙa randar, suka yi mini sannu, suka wuce gonar da ake kiɗa. Ni da Komi muka yi ta yanka har bayansa ya riƙe. Abin da muka kwaso ba zai kai mu tsakiyar rani ba, kuma ban ware iri ba.

Na gaji, Yaya. Na rasa matar, na kashe abin da ta bari da hannuna, gonar ma ta tafi. Babu sauran bakin da zan ɗaga.

Ki gaishe mini da maigida Kalo, ki ce masa ya yafe mini maganar da na yi a gaban jama'a. Ki gaishe da Kafi da Kiki, da Inna Tisso in tana gane mutane. Duk motar da ta fara tasowa nan, ki aiko a ɗauki Toto. Ba ta cin tuwo in ya huce, kuma tana tsoron kare. Ban gaya mata ba tukuna.

Ƙaninki,
Tiya