Wa Zai Fitar da Ni Ranar Suna?

Inna,

Sallama da gaisuwa. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma wa gare ni da zan faɗa wa in ba ke ba?

Na sauka lafiya, Inna. Namiji ne, ya kwaso goshinki kaf, sai haƙuri. Da kina raye da a ɗakinki na Babura zan yi wankan jego. Yanzu ga ni a Gwiwa hannun Hajiya, surukata. Tana kula da ni, tsakani da Allah. Amma jibi suna.

Kin san ni da taro. Guɗa ɗaya sai kaina ya ɗau zafi, in toshe kunne, magana ta ɗauke, wani lokaci har in zube ina ihu. Ke kaɗai kike ganewa tun abin bai zo ba. Sai ki yi kamar za ki aike ni, ki ja ni bayan rumbu, ki naɗe ni tsam da zanenki har jikina ya bar rawa. Ni 'yar fari ce, kunya ba ta bar mu mun yi zancen ba. Na gode, Inna.

Bayan rasuwarki Malam, mijina, ya kai ni wurin wata likita a Kazaure. Ta ce ba iskoki ba ne, haka ƙwaƙwalwata take, hayaniya na yi mata yawa. Ta koya mini jan numfashi a hankali, da tashi tun abin bai ci ƙarfina ba. Ni da Malam muna da alama: in na murza zobena, sai ya fitar da ni. To ranar suna yana ƙofar gida cikin maza. Wa zai lura da zobe a tsakar gida?

Mutanen gidan nan sun ɗauka kunya ce ke hana ni haɗa ido da kowa, har yabona suke. In suka gan ni a ƙasa fa? Za su bar mai iska ta shayar da jikansu?

Likita ta ce in sanar da mace ɗaya a gidan. Wadda za ta iya tsawata wa masu guɗa kuwa Hajiya ce kaɗai, matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Gobe bayan wanka zan durƙusa in faɗa mata komai. Ban sani ba ko za ta rufa mini asiri, ko za ta miƙo hannu ta ce in ba ta yaron. Yanzu haka yana barci a cinyata, na kasa ajiye shi.

Sai wata rana, Inna. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki.

'Yarki,
Rakiya