Zanen da Na Ɗaura a Ikko

Ikko, Maris 1956

Yaya Gide,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata Baba da Inna da mutanen Yankara suna lafiya. Ni ma ƙalau, zazzaɓin ya bari ina fita aiki.

Labarin da Alhaji Nata'ala mai fataucin shanu ya kai gida ya iso mini, wai na koma ɗaura zane. Ga gaskiyar magana. Mu 'yan Arewa muka shirya wasan ban dariya: saurayi ya je zance, ya yi ta zuba wa kakar budurwarsa kalaman so, yana zaton budurwar ce, saboda ta lulluɓe. Babu macen da za ta fito, sai aka ba ni kakar. Jama'a sun yi dariya har da hawaye. Alhaji ya fi kowa tafi, yana cewa, "Wallahi tsohuwar nan ta fi yarinyar!" Sai da na yaye lulluɓi na durƙusa na gaishe shi ya ɗaure fuska. Da ban gaishe shi ba, da bai san ni ne ba!

Don Allah ka je Sheme ka yi wa mahaifin budurwata Baraka bayani. Allah ya saka maka. An ce ya mayar da goron neman aurenmu, amma ba wanda ya tabbatar mini tukuna.

Ƙaninka,
Zailani