Kwalba ta bakwai

Litinin, 13 ga Janairu 2025
Estelle, abokiyar bincikena, ta rubuto daga Faransa: awa shida za a ba mu a injin X-ray, sau ɗaya tak. A duk Garuwa ba mai irinsa. Za ta haska garin yumɓuna, yadda hasken ya watsu zai nuna girman ƙwayoyin nikel da na zuba ciki. In ƙanana ne, za su juya man angurya ya zama man mota. In sun dunƙule, digirina ya tafi.

Laraba, 15 ga Janairu
Jafaru kuma! Shekara talatin yana wanke kwalabe a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, ko takardar sakandare ba shi da ita, amma shi zai koya mini aiki. Na sa jiƙaƙƙen yumɓu a tanderun lantarki, na murɗa wuta har ƙarshe, sai ya tsaya a kaina: "Madam Hamida, sese-sese, a hankali. Uwata a Mindif ba ta kai ɗanyar tukunya wuta sai ta kwana uku a inuwa." Na ce masa nan ba kasuwar tukwane ba ce. Wai tukunya!

Talata, 21 ga Janairu
Jafaru ya kwashi ragowar yumɓun da na zubar, ya shanya a ƙarƙashin tebur, ya rufe da tsumma. Kullum sai ya duba shi kamar mai jinya. Haushi yake ba ni.

Juma'a, 24 ga Janairu
Kwalabe shida na shirya, akwatin da zan aika wa Estelle na cin bakwai. Ya miƙo nasa, wanda ya yini yana gasawa da ƙaramar wuta. Na karɓa don kada sauran su yi ta karo a hanya. Ban ma rubuta masa suna ba, lamba kawai.

Talata, 18 ga Fabrairu
Sakamako ya zo. Ɗaya zuwa shida duk sun dunƙule, ƙwayoyin sun kai nanomita arba'in. Wata huɗu na aiki! Estelle ta kira tana ta murna: "Ta bakwai fa? Nanomita huɗu, a baje ko'ina! Me kika yi mata?" Na ce layi ba kyau, na kashe waya.

Laraba, 19 ga Fabrairu
Wataƙila Estelle ta haɗa lambobin. Na tambaye ta. Ba ta haɗa ba.
Jafaru bai san komai ba tukuna. Yana can yana goge tebur yana waƙarsa ta Fulatanci. Sa'a ce kawai, ko makaho yakan tsinci allura wata rana. Amma Farfesa na son rahoton yadda aka yi ta bakwai ranar Litinin, ni kuwa ban kalli ko ɗaya daga abin da ya yi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu
Na kwaɓa sabon yumɓu. Na sa shi ƙarƙashin tebur, saboda saman ya cika da kaya. Tsumman ma don ƙuda ne.
Jafaru ya shigo ya gani, ya wuce ya kama wanke kwalabensa. Da ya yi dariya da na fi jin daɗi. Na ce, "Baba Jafaru, kwana nawa ka ce?" Ya ɗaga yatsu uku.
A rahoton, bayan sunana, akwai ɗan fili. Na tambaye shi sunan mahaifinsa.