Sabon Bai Fito Ba, Idon Inna Na Tafiya

Zuwa ga hasken gidana, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa, mijina abin alfaharina!

Saƙonka na murya ya iso ni daga wurin baje kolin kyamarori, na kuma saurare shi har ƙarshe, domin muryarka ko lissafin ƙusoshi take yi, zuma ce a kunnena. Na zaci zan ji ka ce kana kewata. Ina! Sai na ji ka ƙara kwanaki, wai kamfanin ya tara ku masu ɗaukar hoto don jin abin da kuke so a saka a sabon akwatin baya, wannan ɗan dunƙulen da ake maƙalawa a ƙeyar babbar kyamara, wanda shi ke kama hoton. Barka da arziki, ranka ya daɗe! Ashe an kira ka shawara a kan abin da ko ƙera shi ba a yi ba.

Na ji burinka, masoyina, har na haddace. Kana so allonsa ya riƙa lanƙwasawa don kada ka durƙusa, kai da ka taɓa kwanciya rub da ciki a cikin taɓo saboda hoton agwagwa! Kana so batirinsa ya wuni bai mutu ba, ya daina zafi kamar dutsen guga, ya tura hoto kwamfuta ba tare da igiyar da nake tuntuɓe da ita kullum ba. Wai ya nemo idon mutum da kansa ya tsaya a kai. To kai naka idon aikin me zai yi? Shi kuma abokinka Dogo, mai sayar da kayan nan, wanda bai taɓa ɗaukar hoton da wani ya rataya a bango ba, na jiyo shi a bayanka yana ihun a ninka yawan ɗigon hoto. A ninka a ga me? Ƙurajen fuskarsa? Taron 'yan jiran gawon shanu ke nan, kowa da ƙaton jaka a wuya, kuna ta yi wa gobe ado alhali yau tana tsaye tsirara a ƙofarku.

Ka tuna ranar da na fara shigowa shagonka, ina neman ɗan ƙaramin hoton katin aiki? Kyamararka a lokacin da salatif aka ɗaure murfinta. Ka leƙa, ka ɗago, ka sake leƙawa, har ka ce wai na motsa, alhali ko numfashi ban yi ba. Ka ɗauka ya fi a ƙirga, duk don kada in tafi. Wayyo, wannan mutumin nake nema! Wanda ya kalle ni har na ji kamar wata ne ya sauko ya tsaya a gabana. Ina ka kai shi, ya sanyin idona?

Yanzu ka saurara, domin kukan kurciya jawabi ne. Na kai Inna wurin likitan ido bayan tafiyarka. Na hagun ya riga ya tafi, ka sani. Na daman ma, in ji shi, yana bin sahu, kuma ba abin da magani zai yi sai jinkirtawa. Mahaifiyarka ba ta taɓa roƙonka komai ba sai abu guda: hoto babba, ita da kai, ta gan shi da idonta. Tun bara kake ce mata ta ƙara haƙuri sabon ya fito, wai na hannunka yana zuba yashi-yashi a inuwar hoto, ba zai fitar da fatarta yadda ta cancanta ba. Da muka fito daga asibiti ta riƙe hannuna a bakin titi, ta ce, "'Yar nan, ni da nake ganin mutum kamar hayaƙi, ina ruwana da yashin inuwarsa?"

Washegari na sa ta yi kwalliya, ta ɗaura ɗankwalinta mai ruwan goro, na kai ta shago. Na buɗe kabad na ciro tsohon akwatin naka da ka raina, na goge shi, na maƙala har na ji ya ce ƙas. Shekarun da na yi ina riƙe maka farantin haske ba a banza suka tafi ba. Allon bai lanƙwasa ba, sai ni na durƙusa, gwiwata kuma ba ta karye ba. Batirin ya mutu a tsakiya, na sa ɗayan, Inna na ta yi mini dariya tana cewa ashe jarin ɗanta ma yana suma. Bai nemo idonta da kansa ba; ni na murɗa a hankali har ya fito tar, farin da ya rufe shi da sauran hasken da ya rage, duka.

Na danna, na kai hoton aka wanke shi ƙato, ya kusa faɗin ƙofa. Ta matso da fuskarta har hancinta na taɓa takardar, ta bi goshinta, ta bi kumatunta, ta ce ashe har yanzu da sauranta. Sannan ta kai tafin hannu gefen dama, inda ba kowa sai labule, ta shafa, ta sake shafawa. Ni ce na fita waje na yi kukan.

Ya rabin raina, ban rubuto don in ci mutuncinka ba. Wa nake da shi in ba kai ba? Kogi ba ya fushi da mafarinsa. Amma wallahi na raina wannan taron naku, na raina allon da ke lanƙwasawa da duk wanda ya tsaya yi masa kirari. Su ƙera abinsu, ya iya gani a duhu, ya iya shayi ma in sun ga dama. In ya fito ka saya, ba zan ce uffan ba. Kai dai ka hau motar farko ka dawo. Kyamarar na nan a kan ƙafafunta, na ajiye kujera kusa da ta Inna, na goge maka farar rigarka. Ba na son shawararka a kan haske. Zama kawai za ka yi, ka dafa kafaɗarta, ni zan danna.

Taka ce ni jiya, taka ce yau da nake jin haushinka, taka kuma har ranar da za a rufe nawa idon,

Matarka.