An Rubuta Mijina Bai Zo Ba, Alhali Yana Kwance a Hawa na Uku

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Gwajin Magunguna,
Asibitin Koyarwa.

Daga:
Matar majinyaci mai lamba 47, malamar firamare.

19 ga Mayu, 2025

Game da: Cire mijina daga gwajin maganin hanta bisa kuskure

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. A ranar 6 ga Janairu aka saka mijina, mai gyaran agogo, cikin gwajin sabon maganin ciwon hanta. Likita ta bayyana mana cewa idan hanta ta ji rauni, ƙwayoyin halittarta kan karɓi umarni daga jiki su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, kuma ana fatan wannan magani ya tare umarnin. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: ya zo a ɗebi jininsa kowace Talata, wanda ya yi fashi ba sanarwa a cire shi.

2. Talata goma sha bakwai ya zo, bai taɓa makara ba. Idonsa da ya yi rawaya ya washe, kumburin cikinsa ya saɓe, har ya koma teburin aikinsa yana yi mini tsiya wai abincina ba gishiri. Wallahi na yi murna da tsiyar.

3. A ranar 4 ga Mayu ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Aka kwantar da shi a wannan asibiti naku, ɗakin masu karaya, hawa na uku. Sau biyu na roƙi nas ɗin ɗakin ta sanar da ofishin gwaji da ke ƙasa, sau biyu ta ce za ta kira.

4. A ranar Talata 6 ga Mayu aka rubuta a fayil ɗinsa cewa bai zo ba, aka dakatar da maganinsa. Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina kiran sunayen yara a aji, ban taɓa rubuta yaro bai zo ba alhali yana ɗakin shan magani na makaranta.

5. Yau kwana goma sha uku ba magani. Rawayar ta dawo. Jiya ya kira 'yarmu da sunan ƙanwarsa da ta rasu. An kuma shaida mini cewa daga 27 ga Mayu za a rufe gurbinsa, ba komawa.

Don haka ina roƙon Mai Girma, cikin ladabi, da a duba takardar kwantar da shi da na haɗo, a gyara fayil ɗin, a mayar masa da maganinsa kafin wannan rana. Ba na neman a hukunta kowa.

Har yanzu bai san an cire shi ba. Kowace safiya yana miƙo hannu, ni kuma ina sa masa ƙwayar bitamin, ya haɗiye ya ce ya ji sauƙi. Shekara ashirin da uku da aurenmu ban taɓa yi masa ƙarya ba sai wannan, kuma na gaji da yinta.

Allah ya ƙara girma.

Taka cikin biyayya,
Matar majinyaci mai lamba 47
(sa hannu)